An daina kula da Windows 10: mu masu tsofaffin kwamfutoci ina muka dosa?

Malam Habibu, Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana cikinmu, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft suka ce sun janye hannu daga Windows 10. Kwamfutoci biyar ne a shagona na buga takardu, dukkansu ita ce a kai. Na sa manhajar nan tasu ta PC Health Check ta duba min, ɗaya kaɗai ta ce za ta ɗauki Windows 11, sauran huɗun wai ba su cancanta ba. Alhali lafiyarsu ƙalau, ko gardama ba sa yi. Da su muke taifin firojet na ɗalibai, da su ake rajistar kwasa-kwasai, a buga silif na JAMB, a biya kuɗin makaranta. Ni ba ni da halin canza kwamfuta huɗu a wannan marra, ko mutum ya sayar da me. To in ci gaba da aiki da su a haka, ko akwai abin da ya kamata in yi?

Baba Isiyaku, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Habibu, kwantar da hankalinka. Haka suka tayar mana da hankali a 2014 lokacin XP, suka sake a Janairun 2020 lokacin Windows 7. Tawa har gobe 7 ce a kanta, da ita nake buga wasiƙun masallaci da takardun gado, ba ta taɓa ce min ta gaji ba. Ci gaba da sana'arka.

Aliyu, ɗalibi:
Baba ya yi gaskiya. Ban da haka ma, mu nan wa ke barin kwamfuta tana sabunta kanta? Kana haɗa ta da waya ta shanye maka data kafin ka buɗe abin da ya kawo ka. Duk wanda na sani a hostel ya kashe wannan abin tun ranar da ya sayi laftof. Abin da da ma ba ma karɓa, in an daina bayarwa me muka rasa?

Alhaji Ɗanlami, Sabon Gari:
Malam Habibu ka leƙo shago mu yi magana. Akwai kaya sun shigo, za mu iya musaya ka yi ciko.

Injiniya Nura, PZ:
Alhaji a yi haƙuri tukuna, kada a kai ga ciniki ba a fahimci matsalar ba.

Malam Habibu, kwamfutocinku ba za su mutu ba. Gobe za su tashi kamar yadda suka tashi jiya, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da aka daina shi ne gyaran da ake turowa duk ranar Talata ta biyu a wata, wanda ke toshe ɓarakar da aka gano a cikin manhajar. Ga kuma inda haɗarin yake, wanda mutane ba sa lura da shi. Windows 10 da 11 tushensu ɗaya, abubuwa da yawa a cikinsu iri ɗaya ne. Duk watan da aka toshe wata ɓaraka a 11, 'yan kutse sukan zauna su binciki gyaran su gano inda ramin yake, sannan su juyo kan 10, inda suka san ba wanda zai toshe. Wata na farko ba za ku ga komai ba. Amma ramukan taruwa suke yi, ba sa raguwa.

Baba, ranku ya daɗe, maganarku gaskiya ce a kan irin aikinku. Amma ku gaya mana, taku tana hawa intanet?

Baba Isiyaku, Ƙofar Doka:
Ina fa. Me zan nema a can? In an gama bugawa yaro ya kai filash a fitar.

Injiniya Nura, PZ:
To kun gani, Baba. Shi ya sa ta zauna lafiya. Da za ku haɗa ta yau, ko Chrome ɗin da ke kanta ya tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba ya ƙara gaba a Windows 7. Na Malam Habibu kuwa wuni suke a intanet, kuma kowa da filash ɗinsa yake zuwa.

Aliyu ƙanena, taka maganar ce ta fi damuna. A watan Mayun 2017 an yi wani bairos mai suna WannaCry, ya bazu a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki. Yana kulle duk fayilolin mutum, ya ce sai an biya dala 300 da Bitcoin. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida saboda kwamfutoci sun tsaya. Abin takaicin, tun watan Maris na shekarar Microsoft suka fitar da gyaran wannan ɓarakar. Mafi yawan waɗanda ya kama masu Windows 7 ne da ba su karɓi gyaran ba, a lokacin da ake ba da shi kyauta. Wato halin da kai da abokanka kuka sa kanku ke nan da hannunku. Na san tsadar data, ni ma saya nake. Amma akwai wayafai a cikin makaranta, ko sau ɗaya a wata ka zauna ka bar ta ta gama abinta.

Aliyu, ɗalibi:
Yaya Nura ai ina da manhajojin kashe bairos, Smadav, ga kuma Defender.

Injiniya Nura, PZ:
Suna da amfani, kada ka cire. Defender ma an ce zai ci gaba da samun bayanan sababbin bairos a Windows 10 har 2028. Amma su kamar maigadi ne a ƙofar gida. In katanga ta rushe ta baya, maigadi ba magini ba ne.

Malama Zainab, Kongo:
Ina so in ƙara wani abu da ban ji an taɓo ba. Ana ta maganar kwamfutar Malam Habibu kamar asararsa ce shi kaɗai in wani abu ya faru. Ku shiga kowane shagon buga takardu a Samaru ko nan Kongo, ku buɗe wurin da ake sauke fayil. Hotunan fasfo na ɗaruruwan mutane, silif na NIN, sakamakon WAEC, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, wani har da hoton katin banki gaba da baya da ya turo ta WhatsApp don a biya masa kuɗin makaranta. Burauza kuma ta adana kalmar sirrin imel na mutane da dama, don yaron shago yana danna "eh" duk lokacin da ta tambaya. Waɗannan amanar mutane ce. Yarinyar da ta zo daga Giwa ko Soba ta miƙa takardunta ba ta san wace Windows ce a kai ba, ta dai yarda da mai shago.

A zangon da ya wuce wata ɗalibata ta zo min tana kuka, babi huɗu na kundinta sun koma gajerun hanyoyi, wato shortcut, marasa buɗewa bayan ta sa filash a wani shago. An samu an ceto su, amma sai da ta yi kwanaki ba ta cikin hayyacinta. Wannan ƙaramin bairos ne da kowa ya sani. Ina ga wanda ke kwashe bayanai shiru ba wanda ya sani?

Don haka ni ban yarda da "ci gaba da sana'arka" haka kawai ba, Baba ku gafarce ni. Wanda ke riƙe da takardun jama'a hukuncinsa daban ne da wanda ke buga wasiƙa a ɗakinsa.

Malam Habibu, Samaru:
Malama wallahi kin taɓo inda ke min ciwo. Abin da ya hana ni barci ke nan. To Injiniya, mafita fa?

Injiniya Nura, PZ:
Kafin komai, ku tabbatar da dalilin da aka ƙi huɗun nan. Windows 11 tana neman RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, Secure Boot, da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na Intel zubi (generation) na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Sau da yawa ana kawo min kwamfuta an ce ba ta cancanta ba, in shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in tarar TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi. A Intel yakan zo da sunan PTT, a AMD kuma fTPM. Kunnawa ba ya cin minti biyar. In kuwa furosesan ne ya gaza, wannan ba gyara.

Na biyu, akwai ƙarin wa'adin samun gyaran tsaro na shekara ɗaya da suke kira ESU, wanda a 2025 suka sanar zai kai 13 ga Oktoba, 2026. Hanya uku ce: ko ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a adana saitin kwamfutarka a wurinsu, wannan kyauta ne. Asusu ɗaya yana ɗaukar kwamfuta har 10. Sharaɗi shi ne Windows ɗin ta zama 22H2, wato sigar ƙarshe ta Windows 10, ta karɓi gyare-gyaren baya, kuma lasisinta na gaskiya ne. Ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta winver, za ta nuna muku lambar. Daga nan Settings, Update & Security, Windows Update, a nan wurin rajistar yake fitowa. Sai dai ku sani wannan tsarin na ɗaiɗaikun mutane ne. Ma'aikatu da kamfanoni nasu daban, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma kuɗin ninkawa yake duk shekara har shekara uku.

Aliyu, ɗalibi:
Lasisi na gaskiya? Yaya Nura a garin nan? Ai duk wanda aka yi wa fomat da abin fasa lasisi ake gama masa.

Injiniya Nura, PZ:
Nan ma akwai abin da ba a sani ba. Yawancin laftof na hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka, irin HP EliteBook, Dell Latitude da ThinkPad, daga ofisoshi suka fito, lasisinsu na nan a jikin allon kwamfutar tun daga masana'anta. In aka sa mata irin Windows ɗin da ta zo da ita, tana hawa intanet za ta kunna kanta. Masu gyara ne ke gaggawa, su sa duk wadda ke kan filash ɗinsu, su bi ta da abin fasawa. Kuma wannan abin fasawar shi kansa sau da yawa da bairos yake zuwa. Mu masu sana'ar nan ya kamata mu daina wannan.

Mubarak, Hanwa:
Duk wannan jinkirta matsala ne. Oktoban 2026 na zuwa, a sake zama a nan ana wannan maganar. Ku sa Linux a madadin Windows ku huta. Linux Mint kyauta ce, ba lasisi, ba TPM, ba a tambayar zubin furosesa. Mint 22 za a kula da ita har 2029. Fuskarta ma kamar Windows 7, ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kana iya sa Chrome. Laftof ɗina zubi na 4 ne, da shi nake komai. Bairos ɗin filash ɗin da Malama ta ambata ko motsi ba ya yi a kanta.

Malam Habibu, Samaru:
Mubarak, CorelDraw fa? Rabin cinikina katin biki ne da kalanda da fosta.

Mubarak, Hanwa:
Babu shi a Linux, amma akwai makamancinsa, Inkscape.

Malam Habibu, Samaru:
Ɗana, ka taɓa tsayawa a shago ranar da ake rufe karɓar firojet? Ɗalibi zai zo da fayil na Word mai shafi 90, an jera tebura da lambobin shafi yadda sashensu ya ce, malaminsa ya riga ya sa hannu. In na buɗe a wata manhaja tebur ɗaya ya zame zuwa shafi na gaba, jerin abubuwan da ke ciki duk ya tashi aiki. Ga mutum goma a bayansa, ga janareto na shan mai. Sannan masu manyan injunan bugu da nake kai wa aiki fayil na Corel suke karɓa. Yaran shagona shekaru suka yi suna koyon Corel, hannunsu ya faɗa. Ba ƙin abin nake ba, amma mu ba mu kaɗai muke aiki ba, akwai waɗanda muke karɓa daga hannunsu da waɗanda muke miƙa wa.

Mubarak, Hanwa:
Na ji wannan, Malam. Amma ba duka biyar ɗin ke yin Corel ba ai. Wadda ake cike fom da biyan kuɗi a kanta burauza kawai take buƙata.

Malama Zainab, Kongo:
Wannan ita ce magana. A raba aiki. Wadda ta cancanci 11 da wadda aka sa wa Mint su ne za su hau intanet, a kansu za a taɓa kuɗi da takardun mutane. Masu Corel da Word a cire su daga intanet gaba ɗaya, su zama irin ta Baba. Kuma duk yamma a goge abin da aka sauke.

Aliyu, ɗalibi:
Ni fa na ga ana sa 11 a kan tsofaffi da wata manhaja mai suna Rufus, yana tsallake maganar TPM ɗin. Abokina zubi na 6 ne nasa, yana aiki lafiya.

Injiniya Nura, PZ:
Yana yi, ni ma ina yi wa wanda ya nema, amma sai na gaya masa gaskiya tukuna. Microsoft sun faɗa a fili cewa kwamfutar da aka sa wa ta wannan hanya ba su ɗauki alkawarin ci gaba da ba ta gyara ba. Yanzu tana samun na wata-wata, amma babban sabuntawa na shekara yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka sake ɗora shi da hannu, fayil ɗin kuma ya haura 5GB. Suna kuma iya rufe ƙofar duk ranar da suka ga dama. Sun riga sun yi wa tsofaffin furosesa na Core 2 Duo haka, daga sigar 24H2 ta Windows 11 ko tashi ba ta yi a kansu. Ga ɗalibi mai zubi na 6 ko 7 da RAM 8GB da SSD, wanda zai iya kula da abinsa, ban hana ba. Ga shagon da abincin iyali ya dogara a kai, ba zan ba da wannan shawarar ba.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Ni tun ɗazu karatu nake raina na ɓaci. Ina da 'yar makaranta ta firamare da ƙaramar sakandare. Da ƙyar muka haɗa ɗakin kwamfuta, tsofaffin na tebur ne muka saya a hankali, don tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma na ga yadda yaranmu ke zuwa jarrabawa ba su taɓa riƙe linzami ba. Ba ko ɗaya a ciki da za ta ɗauki 11. Wanda ya yanke wannan hukunci a Amurka, a wurinsa kwamfutar 2016 tsohuwa ce. A wurinmu ita ce sabuwar da muka yi adashi muka saya bara. Na kuma ji cewa a Turai, da ƙungiyoyin kare masu saye suka matsa, an sassauta musu sharaɗin ƙarin shekarar. Mu wa ya yi magana da yawunmu? Kaya masu lafiya za a mayar bola, kuma bolar ma a ƙasashenmu take ƙarewa, yara na ƙona waya suna shaƙar hayaƙi don ciro tagulla.

Injiniya Nura, PZ:
Hajiya gaskiya ne an sassauta wa Turai, su ba a ce sai sun adana saiti ba, asusun kawai ake nema. A ɓangaren kamfanin kuma, shekara 10 suka yi suna kula da ita tun Yulin 2015, kuma TPM ɗin yana da amfani na gaske wajen tsaro. Inda ni ma ban gamsu ba shi ne yanke zubi na 6 da na 7, masu TPM 2.0 a jikinsu, masu ƙarfin da ya ishi aikin ofis.

Alhaji Ɗanlami, Sabon Gari:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da na sani a matsayina na ɗan kasuwa, ko da zai rage min ciniki. Ofisoshin waje suna ta sauke zubi na 6 da na 7, kuma nan za a kawo su. Za ku ga laftof fes, kamar ba a taɓa ba, da araha, an riga an ɗora masa 11 ta bayan gida. Mai saye ya ga 11 a fuska ya ɗauka ya tsira. Kada ku dubi fuska, kada ma ku tsaya a kan "Core i5" ko "Core i7" da aka manna. Ku buɗe Settings, System, About, ku karanta lambar. In kun ga i5-6300U, wannan 6 na farko shi ne zubin. i5-8250U zubi na 8 ne. Daga na 10 lamba biyu ce a gaba, kamar i5-10210U. EliteBook 840 G3 zubi na 6 ne, G4 na 7. G5 da ThinkPad T480 da Latitude 7490 yawanci na 8 ne, amma akwai waɗanda suka zo da na 7 a ciki, don haka sunan ma bai isa ba. Tsohon ba haramun ba ne a saya, amma a saya da sani, a kuma biya kuɗin tsoho.

Malama Zainab, Kongo:
Allah Ya saka da alheri Alhaji. Wannan zan tura wa ɗalibaina, yanzu ne sababbin shiga ke sayen laftof.

Baba Isiyaku, Ƙofar Doka:
Na ji bayananku, Allah Ya yi muku albarka. Ni dai tawa tana nan yadda take, ba intanet. Amma jikata da ke karatu a Samaru zan ce ta kawo tata a duba lambar nan.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Mubarak, wannan Mint ɗin za ta hau masu RAM 4GB? Kuma in ban so ba, na rasa abin da ke kai ke nan?

Mubarak, Hanwa:
Za ta hau, Hajiya, akwai mara nauyi mai suna Xfce da aka yi don irinsu. Ba sai an goge komai ba. Ana tayar da ita daga filash, ku gwada allon rubutu da sauti da firinta, in an zare filash ɗin kwamfutar ta koma yadda take. Abu ɗaya da za a duba shi ne manhajar gwajin jarrabawa da yaran ke amfani da ita. In ta burauza ce ba matsala, in kuwa irin wadda ake ɗorawa a Windows ce, sai mun gwada mun gani, wataƙila a bar wasu a kan 10 ba tare da intanet ba.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Irin ta ɗorawa ce, a faifai muka saye ta. Ranar Asabar ba yara, daga ƙarfe 10 ina makaranta.

Mubarak, Hanwa:
In sha Allahu zan zo da filash ɗin. A tanadi mai a janareto ko da ba wuta.

Malam Habibu, Samaru:
Injiniya na duba winver. Uku 22H2 ne, ɗaya 21H2 ta nuna. Ita wannan ya zan yi da ita?

Injiniya Nura, PZ:
Sai an ɗaga ta zuwa 22H2 kafin wurin rajistar ya fito. Kada ku ƙona data, ina da ita a filash. Ku kwashe fayilolin da ke kai tukuna, sannan ku turo min hoton shafin About na duka huɗun in ga lambar furosesan kowace.